Wutsiyar Kalma

Daren Talata a Greensboro,
mu goma sha ɗaya kan kujerun da aka ƙera wa yara.
Malama Yesenia ta rubuta a allo: depositar.
Ta ce, ku yanke wutsiyar, ku ɗinka wata.

A harshen uwata
mai aiki ne ke shiga gaba, ya ja aikinsa kamar akuya:
na ajiye, kin ajiye, sun ajiye.
Nan kuwa a bayan kalma yake laɓewa,
sai ka kai ƙarshe ka ga wanda ya yi sallama.
Deposito, ni ce.
Depositas, kai ne ko ke, ba su damu su tantance ba.
Depositan, su can, masu abin ajiyewa.

Manaja ne ya turo ni.
Ya ce rabin layin ranar Juma'a
ba da Turanci suke zuwa banki ba,
da gumi suke zuwa, an ninke shi huɗu a aljihu.

Akwai Don Eusebio mai rufin gidaje,
kwalta ta yi masa lalle a farce.
Na so in tambaye shi, ka ajiye wancan makon?
Depositó, ya kamata in ce,
in ɗora nauyin murya a kan harafin ƙarshe.
Sai na sauke kayan tun a tsakiyar hanya:
deposito.
Ya buɗe tafukansa biyu, ya ce gracias,
tun da ni zan zuba masa.
Layi ya kwashe da dariya har mai gadi.
Ni da na san kukan miya daban da kukan ido,
na san garin tuwo ba shi ne garin Maradi ba,
yau ɗan ɗigo a kan wasali ya kayar da ni.

Inna Tsahara uwar adashi ce shekara talatin.
Kwalla ƙarƙashin gado, ƙulli a haɓar zane,
ba biro, ba littafi,
kuma ko dala ba ta taɓa yin ƙafa ba.
Dala a can, dala a nan,
suna ɗaya, nauyi daban.
Da ta gan ni bayan gilashi ina ƙirga na mutane
da ta ce, ashe gado ba ya ɓata,
sai dai ya sa takalmi.

Muka zo layi na huɗu.
Malama ta ce, wannan ku kula,
depositamos,
shi ne muna ajiyewa, shi ne kuma mun ajiye,
yau da jiya riga ɗaya suke sawa.
Kowa ya rubuta.
Ni biro ya tsaya mini.

Bara, da kaka, a jar ƙasar Carolina,
mun ajiye Lawali.
Ban je ba, maza ne suka tafi,
amma mu ne.
Ba a ba ni rasit ba.
Ba a ce ranar kaza ki zo ki cira ba.
Kuma kowace asuba, in na miƙa hannu gefen gado,
sabuwar ajiya ce.
Ashe Sifaniyawa sun san wannan
tun kafin in sani.

Saura minti biyar a tashi
ta ƙara mana wata kalma, ta fata:
ojalá.
Ta ce daga bakin Larabawa ta faɗo, tun da daɗewa.
Na sake faɗinta a hankali,
na ji sunan Allah kwance a ƙarshenta,
a wutsiya, inda suke ɓoye mai aikin.

Aikin gida: shafi na arba'in, lokaci mai zuwa.
Na zauna a mota ban tayar ba,
ruwa na sauka a gilashi.
Depositaré.
Zan ajiye.
Me, ban sani ba tukuna.
Gobe dai Laraba, ƙarfe tara nake buɗe taga.