Faifan Farko

Ran Lahadi, da na rufe rumfar albasa a Mil Tuwal,
Folarin mai walda ya ja ni wani fili bayan makaranta a Ketu,
inda ya kafa kwando a kan sandar ƙarfe,
ya rataya masa sarƙoƙin da ake ɗaure janareta.
Ya ce, "Tanimu, wasan ke nan.
Ka jefa faifai har ya kwanta a can.
Mai ƙarancin jifa shi ya ci."

Na yi dariya har da riƙe ciki.
Ni da ke sauke buhu daga tirela tun kafin kiran assalatu,
roba ce za ta gagare ni?

Ya buɗe bayan motarsa.
Ga fayafai kamar an kifar da tiren alewa:
ja, ruwan ɗorawa, shuɗi, kore shar.
Idona ya sauka kan wani baƙi,
bakinsa siriri kamar wuƙar mai suya,
sha uku a rubuce a goshinsa.
Na ce, "Wannan. Shi ne daidai da ni."

Bai hana ni ba.
Mutumin Ikko ba ya ɓata yawu
kan abin da ƙasa za ta koya maka kyauta.

Na ja da baya, na ciji leɓe,
na wurga da kafaɗa, da ƙirji, da girman kai.
Ya tashi kamar mai niyyar Ikorodu,
sai ya karkace hagu, ya sunkuyar da kai,
tsulum cikin kwata,
baƙi a cikin baƙi.
Rabin sa'a muna lalube da sanda,
wata mai gasa masara tana fifita wutarta
tana kallonmu ta wutsiyar ido.

Sannan Folarin ya goge hannu a wando,
ya zaro wani daga can ƙasa,
ruwan lemo, mai kaurin baki kamar murfin kwanon sha,
duk jikinsa ƙarce.
"Sha ukun nan danfo ne a kan gada, ba birki.
Kai ko keke ba ka koya ba.
Riƙe wannan. Lambarsa uku.
Ba ya sauri, ba ya ƙarya:
inda ka nuna masa, nan zai tafi.
In ya kauce, hannunka ne ya kauce.
Ji nauyinsa. Mara nauyi ake fara wa.
Kuma ka zaɓi launin da ciyawa ba za ta haɗiye ba."

Na sa yatsu huɗu a ƙarƙashin leɓensa,
babban yatsa a sama.
Ya zauna a tafina kamar mun taɓa haɗuwa.

Mun taɓa kuwa.
Kakata Kulu a Aliero, gindin rumbu,
da faifan kaba tana bakacen gero.
Ban taɓa ganin kafaɗarta ta motsa ba.
Wuyan hannu kawai, kaɗan,
dusa ta bi iska, tsaba ta dawo gida.

Na saki numfashi. Na saki faifai.

Bai yi nisa ba.
Ya dai tafi a miƙe, a kwance, ba gaggawa,
kamar dattijo mai tsallaka titi bayan ya ɗaga wa motoci hannu.
Jifa na biyu ya wuce kwandon.
Na uku ya daki sanda.
A na huɗu sarƙoƙi suka amsa: cakwal!
Mai masara ta ajiye mafici ta tafa sau biyu.

Na biya Folarin da rabin kwandon albasa,
ya ce na cuce shi, ya karɓa.

Yanzu faifan yana rumfa, saman buhuna, yana jiran Lahadi.
Jiya wata mata ta ɗaga shi, ta juya, ta shinshina,
ta ce, "Malam, ina kwanon wannan murfin?"