Lissafin Bazara a Kabala

Watan Afrilu, ƙarfe biyun dare,
rufin kwano bai huce fushin rana ba.
Inna Tasalla ta jiƙa zane ta yafa,
kafin ta juya ya bushe ƙayau.
Ina bakin gado riƙe da mafici,
ina yi mata fifita, ina juya lissafi.

Ran Laraba na kwashi adashe.
Na ƙulle shi a lalita, na nufi Panteka.

Jatau ya daddaki wata esi da tafin hannu
kamar dillali a kara:
"Doki ɗaya da rabi ce, Hajiya,
sai kin nemi bargo a tsakar bazara."
Na ce dokin naka me yake ci?
Ya ce wuta.
Na ce wutar da ke zuwa mana gaisuwar tsaye,
ta koma kafin ruwan shayi ya tafasa?
Ya ce to, janareta.
Na ce shi kuma ya sha me?
Ya yi dariya, ya juya ga wani mai ciniki.

Bulus maƙwabcinmu, mai haɗa wuta,
shi bai dubi kasuwa ba, sama ya duba.
Ya kafa tsani, ya taɓa kwanon, ya fizge hannu.
"A tanda kuke kwana.
Ba silin, taga ɗaya, ita ma yamma take kallo.
In kin sayi sanyi yanzu,
kin ɗebi ruwa ne da kwando."

Inna daga ciki ta ce:
"Soron ubana na ƙasa ne da azara.
Zafi a ƙofa yake tsayawa ya yi sallama,
sanyin Disamba ma haka.
Kaskon garwashi ɗaya ya ishe mu."
Na ce Inna, nan Kaduna ce, bulo ne.
Ta ce ai na gani. Ina ji ma.

To, ga inda kuɗin suka tafi:
kafinta ya buga silin,
magini ya fasa bango wajen da iskar kogi ke biyowa,
faifan sola biyu suka hau rufi
don ranar da ke gasa mu ta biya diyya.
Batir, da fanka mai dogon wuya.
Canjin na sayi butar ɗumama ruwa
saboda alwalar asuba in sanyi ya kama,
da dashen mangwaro, tsawonsa bai kai gwiwata ba.

Jiya aka ɗauke wuta tun magariba.
Unguwa ta yi tsit, sai sauro.
Fankarmu na ta girgiza kai, dama da hagu,
kamar mai ƙin tayi.
Ba zan yi ƙarya ba, ina gumi har yanzu.
Amma Inna ta yi barci har da minshari,
maficin na rataye a ƙusa.

Dokin Jatau kuwa yana nan.
Nakan ɗan kalle shi in na wuce.