Tiya Uku ta Ɗiyan Ciyawa

Shekara sittin ubana Nomau
yana yaƙi da ciyawa.
Hauya biyar ya cinye, ƙota ba adadi,
har bayansa ya lanƙwashe kamar lauje.
Yau ga ni, ɗan cikinsa,
na dawo daga kasuwar Tibiri
da tiya uku ta ɗiyan ciyawa a buhu,
kuma da kuɗina na saya.

Ya sa hannu, ya murza, ya sunsuna.
"Gamba ce wannan. Ga kyasuwa. Ga burburwa.
Wannan mai ƙaya fa, Mantau,
har ƙarangiya ka ba wa kuɗi?"
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ban tanka ba.
Na san fakon da ke gabas da gari,
inda muka bi awaki muna yara.
Yanzu ya yi tauri kamar gindin tukunya,
ba mai tsira sai garmani,
wanda ko jakin da yunwa ta kora
sunsunawa yake ya wuce.

Mu goma sha ɗaya muka sari rabin-wata
a tsakiyar bazara, diga na tsalle tana dawo mana.
Tsahara ce ta haɗa irin a kan tabarma,
ta cuɗa shi da yashin gulbi da kashin awaki,
ta ƙara gadagi, ta ƙara yaryaɗi saboda furensa.
Ta ce ƙudan zuma ma baƙo ne,
a ajiye masa nasa akushin.

Ranar Laraba muka watsa, hadari ya haɗu a gabas.
Iska ta kwashe hadarin.
Kwana tara ba ɗigo.
Sai ga tururuwa sahu-sahu,
kowace da ƙwaya a baki,
suna jigilar guminmu zuwa rami.
Na ɗaga takalmi, Tsahara ta riƙe hannuna:
"Ƙyale su.
Shekarar yunwa rumbunsu kakarka ta tona
ta raya ubanka.
Bashi suka zo karɓa."

Ruwa ya sauka cikin dare, bai yi sallama ba.
Bayan sati ga kore siriri
kamar gashin jariri cikin ramuka,
har da inda hannuna bai kai ba:
a kan hanyar tururuwa,
duk ƙwayar da ta suɓuce musu ta tsira a jere,
shukarsu ta fi tawa miƙewa.

Abin da ya rage tsaro ne.
Tuge garmani da hannu kafin ya yi ɗiya,
safiya bayan safiya, har tafi ya yi kanta.
Ga Bammo da shanunsa a bakin burtali,
idonsa kan kore, nawa kan sandarsa.
Muka sha fura a ƙwarya ɗaya, muka ƙulla:
sai ɗiya ta bushe ta zuba,
sannan lauje, sannan bakin saniya,
kuma a bar kusurwar kudu a tsaye
domin masu fiffike da masu rami.
Ya cika alkawari.
Maraƙi ɗaya ne ya saɓa,
shi kuwa ba ya nan aka yi maganar.

Da kaka na ɗauko tsoho a amalanke.
Idonsa ya yi yana, kunne ne ya rage.
Gamba ta kere mini kai,
iska na ratsa ta tana shuu.
Fakara ta tashi fir daga gabanmu,
ta sauka can, ta yi kira.
Ya ce, "Tsai da jakin."
Ya daɗe yana sauraro.
"Rabona da muryar nan
tun uwarka na da cikinka."

Ya sauka, ya taka taku biyar,
ƙarangiya ta cika masa ƙafar wando.
Ya zauna a ƙasa yana cirewa ɗai-ɗai,
yana tsine mata, ita da danginta kaf.
Na lura dai bai yar da ko ɗaya ba.
Aljihu yake zubawa.