Tulun da ke Ƙarƙashin Tebur

A gidanmu na Birni, bayan babban dutse,
inda ƴan ga-ruwa ke ƙirga bido kamar zinariya,
Baba Mutari yana kiwon kifi bakwai a gilashi.
Maƙwabta suka ce abin nema ne ya samu.
Ya ce: shekara talatin ina ɗaura famfon mutane,
ku bar ni in kalli ruwan da ba na sha ba.

Ƙarƙashin tebur akwai baƙin tulu mai tiyo biyu,
ɗaya na zuƙa, ɗaya na mayarwa,
yana gurnani ƙasa-ƙasa kamar kyanwa ta ƙoshi.
Ƙodar kifayen ke nan, in ji shi.

Bana hannunsa ya soma rawa.
Ya ja kujerar roba ya ce: Cima, zo.
Zare kuran tukuna. Rufe bakin tiyo biyun,
in ba so kike ɗaki ya koma tafki ba.

Na ɓalle maƙalai huɗu, wari ya taso,
warin gindin rijiya bayan ruwan fari.
Soso mai manyan ƙofofi a ƙasa,
auduga ta yi baƙi ƙirin,
ga ƴan zobban yumɓu cike da kwando
kamar tsakiyar da zarenta ya tsinke.

Na sunkuci kwandon na nufi famfo.
Ya daka tsawa har kifayen suka watse:
Kul! Wancan ruwan da magani a ciki,
ni na sani, da hannuna na sha zubawa.
Ɗebo nasu, tsohon, ki ɗauraye a hankali.
Akwai masu rai a cikin dattin nan,
ido bai ganinsu, su ke cinye dafin kifi.
Wanda ya wanke tas ya kori ma'aikatansa.

Ni da aka raina da toka da soson ƙarfe,
aka ce tukunya sai ta nuna mini fuskata,
yau ga ni ina koyon barin saura.

Audugar kaɗai muka sauya.
Na zaro ƴar farfela, na cire mata gashi da yashi,
na shafa wa zoben roba mai, ɗan kaɗan.
Baƙin ruwan bokiti na kai wa lemun tsakar gida;
a Damagaram ko datti bai tafiya da ruwa kyauta.

Ya ce: ranar da kuran ya kwana bai dawo ba,
kar ki yarda da abin da ke cikin tulun.
Zubar, ki sake cikawa, sannan ki kunna.
Ruwan da aka kulle ba iska, mugu ne.

Na mayar da wuta. Tulu ya yi tari,
ya tofar da kumfa, ya sake tari,
can ya kama muryarsa.

Na juyo in tambaye shi sai yaushe kuma.
Barci ya ɗauke shi, baki a buɗe,
inuwar jan kifin tana kai da kawowa a goshinsa.
Na rubuta kwanan wata da gawayi a bango,
ƙarƙashin nasa, inda layin ya fara karkacewa.