Littafin Asabar

Ranar Asabar, in na ajiye bas a gareji,
sai in hau benen da ke saman shagon mai gyaran takalma
a Coventry, can wajen Foleshill.
Ɗaki ɗaya, kujeru tara, butar shayi mai tari,
da ni, da littafi mai baƙin bango.

Dokata guda ce:
kada ka gaya min burinka da fatar baki,
baki ba ya biyan kuɗin haya.
Rubuta shi.
A ƙasansa ka sa takun farko,
a ƙasan wannan, rana da wata.

Sagir ya karɓi biro ya rubuta: kuɗi.
Na ce, kuɗi inuwa ne, ɗana, ina bishiyar?
Ya yi mako uku bai dawo ba.
Ran da ya dawo, hitar ɗakin ta mutu,
muna ta hura tafin hannu.
Ya durƙusa, ya kara kunne jikin bututu
kamar likita a ƙirjin jariri,
ya ce iska ce ta shige, a miƙo masa cokali.
Da ɗumi ya dawo, ban ce komai ba,
littafin kawai na tura gabansa.

Sau biyu lissafi yana kayar da shi.
A na biyun ya kashe waya,
sai da na je har ƙofarsu cikin yayyafi,
na tsaya da takardar sake jarrabawa a ƙarƙashin kwat.
Uwarsa ta ce ba ya nan.
Na ce to, a gaya wa takalmansa ina jira.

Yanzu ƙarfe shida na safe yake shiga motata,
da akwatin spana, da barci a ido.
Ba ya gaishe ni da kyau. Ban damu ba.

Nusaiba kuwa shafi biyu ta ci.
Na farko da rubutun babanta: likita.
Na biyu da nata, ƙanana kamar kiyashi: gada.
Tana son ta gina abin da mutane za su taka
ba tare da sun tuna da ita ba.
Shayi kofi huɗu na sha a falon Alhaji Tasi'u
kafin ya ce, to, ai gada ma ceton rai ce.

Ba duka ake dacewa ba.
Shafin Lawwali yana nan fari daga rabi,
ranar da ya sa ta wuce da shekara biyu.
Ban yage shi ba.

Makon jiya Nusaiba ta juyo da littafin wajena.
Ta ce, Kawu Ɗanjuma, kai fa?
Na yi dariya, na ce shayi zai huce.
Ba ta ɗauke hannu ba.

Shekara ashirin da shida ke nan da na sauka ƙasar nan
da takardar shiga karatun injiniya a aljihu,
na ce bari in ɗan yi tuƙi kafin kuɗin makaranta su cika.
Ashe mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Na rubuta.
Ta leƙo, ta ƙwanƙwasa ƙasan layin da farce:
saura rana da wata.