Alama ta Huɗu

Shekara biyu tirelar tana bayan gidanmu a Tudun Jukun,
ƙafa ɗaya a kan bulo,
kaji sun mai da ƙarƙashinta majalisa.
Baba ya saye ta gwanjo a Samaru.
Da can alluran shanu take kaiwa ruga.
Ya ce zai mai da ita ɗaki mai tafiya,
ya ja ta Shika lokacin cirar zuma,
ya kwana kusa da amyoyinsa.
Sai ya riga ta tafiya.

Ran da na ɓalle kwaɗon
na tarar da alamun fensir a jikin falanki,
da rubutunsa mai jingina hagu:
fanka, fitila, caja.
Ta huɗu ba suna,
can ƙasa, taƙi biyu daga daɓe.

Haladu mai wayarin ya tsuguna ya girgiza kai.
"Soket a nan, Ladidi?
Ruwa ya shigo, kin ga ta kanki. A ɗaga shi."
Na ce a bar ta tukuna.
Muka ja waya mai kauri daga batir,
fiyus a bakin hanya kamar maigadi,
sola a ka,
inbata a lungun da iska ke ratsawa.
Uku suka kawo wuta kafin magariba.

Sai maganar ƙasa.
Na zaga Sabon Gari har takalmina ya tsinke.
Tayil akwai kyau, amma nauyi,
ramukan hanyar Giwa za su fasa shi kamar ƙwai.
Kafet zai sha zuma
ya gayyato tururuwa walima.
Na ɗauki leda mai kauri, ruwan ƙasa, yadi biyar.
Ni da Sabi'u mai shago muka ja ciniki
har ya rantse da uwar kuɗinsa, ya kuma rage.

Na shafa gam, na shimfiɗa,
ina murza kwalba a kai ina korar iska,
kusurwa zuwa kusurwa, a kan gwiwa.
Da bayana ya ƙage
na zauna, na jingina da bango, na miƙe ƙafa,
irin zaman Baba
tun da gwiwoyinsa suka ɓata da kujera.
Hannuna na dama ya sauka da kansa.
A kan alamar.

Nan rediyonsa zai zauna.
Ba sai ya tashi ba.

Haladu bai yi musu ba.
Ya kawo soket mai murfi,
ya zagaye shi da roba, ya ƙi karɓar kuɗin wannan.
Inna ta ciro rediyon daga ƙasan adaka,
eriyarsa ɗaure da zaren lilo.

Har yau ba mu je Shika ba,
motar da za ta ja mu tana wajen bakanike a Kwangila.
Amma da yamma nakan shiga in cire takalmi.
Ledar da sanyi.
In jona, in murɗa,
ya yi ta shuu kafin ya kamo tasha.