Ja Goma Sha Bakwai

Ja goma sha bakwai na yi wa igiya,
kafaɗata ce ta ƙidaya.
Inji ya yi tari sau biyu
irin na tsohon da garin taba ya sarƙe,
ya yi shiru.

Ga Rima nan, taku talatin daga fangalina,
tana wucewa kamar ba ta san ni ba.
Kwana huɗu albasa ba ta sha ba,
bakin ganyenta ya fara sunkuyawa
kamar mai jin kunyar tambaya.

Na kira Arzika makanike.
Yana Illela, wurin sunan jikan yayarsa,
ina jin kalangu bayan muryarsa.
"Mi yas same shi?"
"Da na sani, zan ƙona katina?"
"Kwance fulogi."
Baƙi ƙirin, gindin tukunya ya fi shi haske.
Na kankare shi da bakin wuƙa,
na jingina shi da ƙarfe, na ja.
Wuta ta yi tsalle, shuɗiya, 'yar mitsitsiya.
To, ba nan ba ne.

"Duba mai."
Na tsiyaye shi a gorar roba, na ɗaga wa rana:
ruwa kwance a ƙasa, kaurin yatsa guda.
Ni da yaron nan na bakin titin Kwalkwalawa,
da galan ɗinsa, da murmushinsa,
sai a gaban Allah.
"Sauke kabireta, ka hure ƙofar man,
amma kada ka kuskura ka..."
Kati ya ƙare.
Kada in me? Har yau ban sani ba.

Tumba ta iso da ƙwaryar fura,
shekararta tara, haƙori biyu babu.
Ta shimfiɗa kallabinta a kan kunya,
ina kwancewa tana jerawa,
noti nan, wasa nan, kamar kayan talla.
Wani ɗan sifirin ya yi tsalle cikin rairayi,
muka bi shi da gwiwa har inuwa ta gajarta.

Baba ya yi shekara arba'in da jigo a nan.
Gora, igiya, sanda, curin laka.
In ya lalace, ido yana ganin wurin.
Wannan kuwa ciwonsa a ciki yake,
kamar na mutum.

Na hure, na wanke, na mayar,
na zuba man da na ranto wurin Nomau.
Ya tashi! Ya yi numfashi uku,
ya shaƙe, ya mutu a hannuna.
Na zauna. Ban ma taɓa furar ba.

"Baba, wani ya yi ɗaki a nan."
Ta leƙa bakin salansa da ido ɗaya.
Zanzaro.
Kwana huɗun da na ajiye inji gindin mangwaro
ya ishe shi gini har da yaɓe.
Da tsinken dawa Tumba ta rushe gidan,
ni da sifana uku a aljihu.

Ja ɗaya.
Ƙara ta kori balbelu daga gonar Nomau.
Sai dai bakin tiyo a bushe,
yana huci, ba ya kawowa.
Na bi shi da tafin hannu har na ji inda yake shan iska,
na naɗe da tsohon tif ɗin keke,
na ɗura wa tukunyarsa ruwa da butar alwala.

Tiyo ya motsa, ya kumbura, ya yi gyatsa.
Ja-ja da fari, sannan garau.
Ƙasa ta sha tana ƙara kamar mai a kasko.

Da la'asar Tumba ta kakkaɓe kallabi,
noti ɗaya ya faɗo.
Na dubi inji, yana ta aikinsa.
Na jefa notin a aljihu, ban ce komai ba.

Can bakin fangali na farko
zanzaro ya sauka,
yana ɗibar sabuwar laka.